Tsohon keke ko mai birkin faifai: wanne ya dace da hanyoyin Kebbi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru a jingine cikin zaure suka fara fitowa. A Birnin Kebbi yanzu za ka ga malamin makaranta da a da ba ya rabuwa da babur yana taka feda zuwa aiki, ga ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru suna goyon juna, ga masu gyaran keke da kasuwarsu ta yi sanyi sun sake samun layi a gindin dogon yaro. Wanda ya je sayen keke a wannan lokaci kuma sai ya tarar da abin da bai sani ba shekaru ashirin da suka wuce. A gefe guda ga baƙin keken nan na iyayenmu, Phoenix ko Hero, mai birkin sandar ƙarfe da kariyar ɗaukar kaya mai faɗi a baya. A ɗaya gefen ga masu launi, masu giya, masu shoka a gaba, da wani faifan ƙarfe mai huda-huda a tsakiyar taya. Mai sayarwa zai ɗora yatsa a kan faifan ya ce, "Alhaji, wannan birkin diski ne, irin na mota," ya ƙara kuɗi a kai.

Mutum biyu suka nemi shawarata a kan wannan cikin wata guda. Ɗaya kawuna ne, manomin shinkafa a fadamar da ke wajen Argungu, wanda tsohon Phoenix ɗinsa ya girme ni a gidan. Ɗayan abokin aikina ne, malamin firamare da ke tafiyar kusan kilomita goma kullum safiya, rabinta kwalta, rabinta burji. Na hau iri biyun na tsawon shekaru, na kashe kuɗi a kan kowanne, kuma amsar da na ba su ba ɗaya ba ce.

Birkin ne ake ta magana a kansa, don haka da shi ya kamata a fara. A tsohon keke, idan ka matse hannun birki, sandunan ƙarfe ne ke jan wasu robobi biyu sama su manne a jikin rim daga ciki. Babu waya, babu mai, babu abin da ke ɓoye. Kowane ɓangare kana ganinsa da ido, kuma sifana ɗaya da filaya sun isa a saita shi. Robar idan ta cinye, ana samunta a kasuwar Jega, ana samunta a Kamba, ana samunta a wajen mai faci na ƙauye, idan ma ba a samu ba, na sha ganin an yanko ta daga tsohuwar tayar mota an ɗaura, an ci gaba da tafiya. A rani, a hanyar da ta miƙe, wannan birki yana yin aikinsa.

Matsalarsa ruwa ne. Rim ɗin tsohon keke ƙarfe ne mai santsi da aka yi wa farin fenti mai ƙyalli, kuma da zarar ya jiƙe, robar sai ta riƙa zamewa a kansa kamar sabulu a tafin hannu. Wata shekara cikin watan Agusta na fito daga fadama da buhun taki rabi a kariya, bayan na ratsa wani kududdufi. Da na hau gangaren da ke sauka zuwa hanya sai ga amalanken shanu ya gitta. Na matse birki biyun har hannuna ya taɓa kan keken, amma keken bai san ana yi ba. Da ƙafa na tsaya, takalmina ya tsinke, gwiwata ta daku da ƙasa. Allah ya kiyaye, abin bai wuce nan ba. Duk wanda ya yi damina a kan irin wannan keke ya san wannan faɗuwar gaba. Sai taya ta juya sau da yawa robar ta share ruwan kafin ta fara kamawa, kuma a wannan ɗan lokaci keke mai kaya ya riga ya ci mita da yawa. Ga kuma laka. Lakar fadama mai danƙo ce, tana taruwa tsakanin roba da rim da madigadi har taya ta ƙi juyawa, mutum ya sauka ya nemi tsinke yana ƙwaƙulewa. Sannan idan rim ya ɗan karkace, wanda ba makawa sai ya karkace a keken da ke ɗaukar kaya, birkin sai ya riƙa kamawa a wani wuri yana saki a wani.

Waɗannan abubuwa uku, ruwa da laka da karkacewar rim, su birkin faifai ya zo ya magance, kuma gaskiya ya magance su. Faifan yana ɗaure ne a cibiyar taya, nesa da ƙasa, yawanci faɗinsa milimita 160 ko 180. Wani ɗan muƙamuƙi da ke jikin fok ko bayan firam ne ke matse shi da takalma biyu ƙanana. Taya za ta iya nutsewa cikin ruwa har rabin sifok faifan bai jiƙe ba, idan ma ya jiƙe, juyi ɗaya ko biyu ya bushe, domin matsin yana da ƙarfi kuma hudojin suna fitar da ruwa da datti. Rim ya karkace ko bai karkace ba, babu ruwan birkin. Yashi ma ba ya cin rim, tunda babu abin da ke gugarsa. Masu hawan keke a kan duwatsu a Turai da Amurka su suka fara rungumarsa a shekarun 1990, sannan hukumar tseren keke ta duniya ta amince da shi a tseren kwalta a 2018 bayan shekaru na gwaji. Yanzu kusan duk keke mai tsada da ake ƙerawa da shi yake zuwa. Wanda ke zaune a ƙasar Zuru, inda hanya ke hawa tana sauka tsakanin duwatsu kuma ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, zai ji bambancin a ranar farko. Yatsa biyu sun isa su tsayar da kai a gangaren da tsohon birki ke buƙatar dukan ƙarfin hannu.

To amma birkin faifai iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Akwai mai waya, akwai mai mai. Mai waya, wayar birki ce irin wadda kowa ya sani ke jan ɗan hannu a jikin muƙamuƙin. A yawancinsu takalmi ɗaya ne kawai ke motsi, ya tura faifan ya jingina da ɗayan da ke tsaye. Yayin da takalman ke cinyewa, sai an riƙa matso da na tsayen da alanki, ɗan makullin nan mai lanƙwasa, in ba haka ba faifan ya riƙa lanƙwasa duk lokacin da aka kama birki, ƙarfin kuma ya ragu. Aiki ne na minti biyar ga wanda aka nuna masa sau ɗaya. Mai mai kuwa, ruwan birki ne a cikin siririn tiyo ke tura takalman biyu tare, kuma yana saita kansa da kansa yayin da suke cinyewa. Ya fi laushi a hannu, ya fi kamawa, kuma ƙura ba ta shiga cikinsa kamar yadda take shiga kuben waya. Muddin yana lafiya, babu birkin da ya kai shi daɗi.

Ranar da ya lalace ce abin tunani. Idan iska ta shiga tiyon, hannun birki sai ya yi taushi ya riƙa kaiwa har kan keke ba tare da ya kama ba. Fitar da iskar na buƙatar sirinji da ɗan mazurari da bakin da ya dace da irin birkin. Ruwan ma ba ɗaya ba ne. Na kamfanin Shimano wani mai ne na musamman da aka tace daga ɗanyen man fetur, yayin da birkunan kamfanin SRAM da yawa ke amfani da ruwan DOT, irin na mota. Idan aka zuba ruwan birkin mota a cikin na Shimano, robobin ciki sai su kumbura su lalace, birkin ya mutu gaba ɗaya. Wannan ba labari ba ne a wurina. Na taɓa kai nawa wajen wani mai gyara da ya ƙware ƙwarai a kan tsofaffin kekuna, ya ga birki ya yi taushi, ya aika yaro ya sayo ruwan birki a shagon kayan mota ya ɗura. Da niyyar alheri ya yi, domin abin da ya sani ke nan a babur da mota. Bayan 'yan kwanaki birkin baya ya daina sakin faifai, daga baya ya fara yoyo. Wata biyu na yi da birkin gaba kaɗai kafin wani da ya je Kano ya samo mini na gwanjo.

Akwai kuma al'adarmu ta baƙin mai. Mai gyaran keke a nan, idan ya gama aiki, yakan ɗauki gorar baƙin mai ya bi sarƙa da firiwil da cibiyar taya ya tsiyaya, kuma a tsohon keke hakan ba ya cutar da komai sosai. A keken faifai, ɗigo kaɗan idan ya fantsama a faifan, takalman za su shanye shi kamar soso. Daga nan sai ƙara mai kashe kunne duk lokacin da ka kama birki, ƙarfin kuma ya tafi. Wankewa da omo ba ya dawo da takalmin da ya sha mai yadda yake, sai dai a sauya. A nan ne za ka gane cewa takalman ba iri ɗaya ba ne. Siffofinsu sun kai gommai, kowane muƙamuƙi da nasa, wani mai kunne ɗaya, wani mai biyu, wani zagayayye. Robar tsohon keke guda ce daga Yawuri har Kangiwa. Takalmin faifai kuwa sai ka cire naka ka sa a aljihu ka bi shago-shago kana gwadawa, kuma a wajen Birnin Kebbi da Jega za ka iya wuni ba ka dace ba.

Faifan kansa siriri ne, kaurin sabo yawanci bai wuce milimita 2 ba, na Shimano 1.8 ne, kuma idan ya cinye ya kai 1.5 ana so a sauya shi. Tazarar da ke tsakaninsa da takalmi ba ta kai milimita ɗaya ba. Ka tuna yadda muke ajiye keke: a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ashirin a jingine da juna, fedar wani a cikin sifok ɗin wani. Ka tuna yadda ake ɗora shi a saman motar kasuwa a danne da buhunan albasa daga Aliero, ko a kwantar da shi cikin kwalekwale a tsallaka gulbi. Bugu ɗaya ya isa faifan ya lanƙwashe, ya riƙa gugar takalmi, cif, cif, cif, kowane juyi. Ana iya miƙar da shi da sifana mai daidaitawa, a hankali, amma sai mai haƙuri. Na ga wanda aka miƙar da guduma, kuma bai sake zama daidai ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: birki ba ya wuce ƙarfin riƙon taya. A kan rairayi ko tsakuwar burji, birki mai ƙarfi kulle taya kawai yake yi ta ja ƙasa. Wanda ya saba damƙe birkin Phoenix da dukan yatsunsa, idan ya yi wa birkin gaba na faifai irin wannan damƙa a cikin yashi, ƙasa zai sha. Sai an koyi hannun. A yawancin hanyoyinmu na arewacin jihar, tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo da Jega da Gwandu, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan sama kuma daga Yuni zuwa Satumba ne. Wata takwas a shekara, fa'idar faifai a kan birkin rim mai kyau kaɗan ce.

Na ce birkin rim mai kyau da gangan, domin akwai na tsakiya da ake mantawa da shi. Kekunan gwanjo da yawa da ke shigowa daga Turai suna da birki mai dogayen hannuwa biyu da ke matse gefen rim na alminiyam, wanda Shimano ta yaɗa a tsakiyar shekarun 1990, masu gyara suna ce masa birkin V. Alminiyam ba ya santsi a ruwa kamar farin ƙarfe, don haka wannan birki yana kamawa a damina fiye da na sanda nesa ba kusa ba, robarsa kusan iri ɗaya ce ko'ina, wayarsa ta kowa ce, kuma duk mai gyara ya iya shi. Aibinsa yashi yana cin gefen rim a hankali, laka kuma tana toshe shi. Ga wanda ke cikin gari, ni a ganina wannan ne birkin da ya fi dacewa da aljihu da kuma hannun masu gyaranmu.

Sai dai ba birki kaɗai ake saye ba, keke ake saye, kuma a nan tsohon ya fi ƙarfin hujja. Siffarsa daga Ingila ta fito, daga kamfanoni irin su Raleigh na birnin Nottingham, wanda iyayenmu ke ambata da girmamawa har yau. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya suka cika kasuwa da irin wannan siffa. Firam ɗinsa ƙarfe ne, wani ma da sanda biyu a sama. Tayarsa inci 28 ce, ta baya sau da yawa sifok 40 gare ta, yayin da kekunan zamani ke da 32 ko 36. Nauyinsa ya kai kilo 20 ko fiye, kuma wannan nauyi ba na banza ba ne. Jarka huɗu ta lita 25 kilo ɗari ke nan, kuma kowa ya ga mai ruwa ya ɗaure su biyu-biyu a gefen kariya yana turawa. Buhun shinkafa, damin itace, ɗan akuya a kwando, matar gida zuwa asibiti: duk a kan wannan kariya. Idan firam ya tsage, mai walda na bakin hanya zai ɗinke shi kafin ka gama shan shayi.

Keken zamani mai kyau firam ɗinsa alminiyam ne, nauyinsa kilo 13 zuwa 15, kuma wanda ya taka shi a kan iskar hunturu da ke busowa daga gabas zai gode wa kowane kilo da aka rage. Amma alminiyam idan ya gaji, tsagewa yake yi ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba, kuma waldar lantarki ta yau da kullum ba ta kama shi. Sai waldar agon, wadda ba kowane gari ke da ita ba, kuma ko an yi, wurin ba ya komawa ƙarfinsa na farko. Da yawansu ba su da ramukan ɗaura kariya, ko kuma muƙamuƙin birkin baya ya tare wurin da ƙafar kariya za ta zauna. Kariyar da ake maƙalawa a sandar sirdi ta jakar littattafai ce, ba ta buhu ba. Kuma kada wanda ya yarda a walda masa kunnen birkin faifai a fok ɗin tsohon keke. Faifai yana murɗa ƙasan fok da ƙarfin da ba a ƙera siririn fok ɗin Phoenix don ya ɗauka ba, ga zafin walda ya riga ya raunana ƙarfen. Fok ya karye a gangare ba ƙaramin hatsari ba ne.

Giya kuma alheri ce mai haraji. Faranti uku a gaba da bakwai a baya su ne giya 21 da ake rubutawa a jikin keke. A tudu, ko a gaban iska, ko ga dattijon da gwiwa ta fara ciwo, giya tana mayar da tafiyar wahala ta zama mai sauƙi. Amma ɗan hannun da ke sauya giyar baya yana rataye ne kusa da ƙasa, karan dawa ko faɗuwa ɗaya ta gefen dama na iya tura shi cikin sifok. Sarƙar giya siririya ce fiye da ta tsohon keke, ƙurar hunturu da ta gauraya da mai kuma tana cinta kamar faifan wasa wuƙa. Wanda zai riƙa goge sarƙa da tsumma duk mako ya ɗiga mai kaɗan, zai more ta. Wanda zai hau kawai sai abu ya karye ya nemi mai gyara, sarƙa ɗaya da firiwil ɗaya sun fi masa kwanciyar hankali. Kekunan Japan na gwanjo masu kwando a gaba, waɗanda 'yan makaranta ke so, wasunsu suna da giya uku a rufe cikin cibiyar tayar baya, inda ƙura ba ta kai wa. Suna da daɗi a cikin gari, amma ba na kaya ba ne, kuma idan cikin cibiyar ya lalace mai buɗe ta sai an tona.

Ƙaya ba ta san sabo ko tsoho ba. Tsidau da ƙayar aduwa suna huda kowace taya. Tayar keken zamani mai faɗi ta fi tafiya a rairayi, siririyar inci 28 ta fi gudu a kwalta da ƙasa mai tauri. Tayar inci 28 da ta inci 26 ana samunsu ko'ina, amma 27.5 da 29 da sababbin kekuna ke zuwa da su sai manyan garuruwa, don haka a duba lambar da ke jikin taya kafin a biya. A duba bawul ma: akwai siriri mai ɗan ƙusa a kai wanda famfon mai faci ba ya kamawa sai da ɗan adafta. Taya marar tif, mai ruwan gam a ciki da ke toshe huda da kansa, dabara ce mai kyau ga ƙasar ƙaya, amma gam ɗin yana bushewa cikin 'yan watanni, kuma zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 yana gaggauta bushewar. Dabarar masu facinmu ta yanka tsohon tif a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif tana aiki, kuma kusan kyauta ce.

Abin da ya fi damuna a kasuwa shi ne sabon keke mai arha da aka yi wa ado da duk kayan zamani. Shoka gaba da baya, faifai biyu, giya 21, sitika mai sunan babban kamfani, ga farashi ƙasa da na gwanjo mai kyau. Ka ɗaga shi, za ka ji nauyinsa ya kusa na Phoenix, domin ƙarfe ne mai arha aka yi wa fenti. Shokar sifirin ne kawai a cikin bututu, wanda ke fara girgiɗi bayan damina ɗaya. Muƙamuƙin birkin yana lanƙwasa idan ka matse, takalmansa kuma ba su da suna balle ka nemi irinsu. Iyaye da yawa sun saya wa yara irinsa don yaro ya nuna da yatsa ya ce mai diski yake so, bayan wata shida kuma birki ɗaya ya mutu, an cire giya an gajarta sarƙa, yaro yana tsayawa da silifa. Irin wannan keke bai da ƙarfin tsoho, bai da ingancin sabo. Gwanjo mai shekara goma daga kamfani na gaske, ko da birkin V ne, ya fi shi ta kowace fuska.

A faɗi gaskiya kuma, sabon baƙin keke na yau ba koyaushe yake kai na da ba. Masu gyara da kansu suna cewa ƙarfen ya yi laushi, farin fentin rim yana saurin tsatsa, kwatafin ɗin feda yana saurin cinyewa. Wanda ke da tsohon firam a gida, ya fi masa ya sauya boris da sarƙa da taya da robar birki, a ɗaure masa sifok da kyau, da ya sayar ya sayi sabo.

Da na je wa kawu da wannan bayani duka, yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar shanu, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ɗana, wanga mai faifai da kaka faɗi, in ya ɓaci ina cikin fadama, wa za ya gyara min shi?" Na ce, "Kawu, sai an kawo shi gari." Ya ce, "To shinkafar fa, wa za ya kawo ta?" Ban ba shi shawarar sauyawa ba. Abin da na roƙe shi shi ne ya riƙa sauya robar birki a farkon kowace damina ko da ba ta ƙare ba, domin roba tana ƙeƙashewa da zafin rana, a kuma saita masa rim, sannan idan ya fito daga ruwa ya ɗan riƙe birki yana tafiya har rim ya bushe kafin ya kai gangare. Da kaya mai nauyi a gangaren da ya jiƙe kuwa, ya sauka ya tura. Ya ce wannan na ƙarshe tun kafin a haife ni yake yinsa.

Malamin kuwa hanyarsa daban. Ba ya ɗaukar abin da ya wuce jaka da gorar ruwa, yana tafiyar kilomita ashirin a rana zuwa da dawowa, burjin nasa yana zama laka a Yuli da Agusta, kuma mutum ne mai son kwance abu ya ɗaura. Na ce masa ya nemi gwanjo mai firam ɗin alminiyam, tayar inci 26, da birkin V ko faifai mai waya, ya bar mai mai sai ranar da ya mallaki sirinji da man da ya dace. Muka je tare. Kowane keke muka ɗaga gabansa muka juya taya muna sauraron gugar faifai, muka kama birkin gaba muka tura keken gaba da baya don jin ko wuyansa ko shokarsa na girgiɗi, muka bi duk mahaɗar firam da yatsa muna neman tsaga a ƙarƙashin fenti, musamman ƙasan wuya da gindin sandar sirdi. Biyu muka ajiye saboda tsaga, ɗaya saboda hannun birkinsa na mai ya kai har kan keke. Wanda ya ɗauka mai faifai ne na waya, yana da ramukan kariya. Kafin ya biya, muka sa mai shagon ya cire takalmi ɗaya, muka zaga da shi har muka samu irinsa a shago na uku, ya sayi biyu-biyu na gaba da baya. Suna cikin jakarsa yanzu tare da alanki mai lamba 5, kuma ya riga ya gaya wa mai gyaran unguwarsu cewa shi zai riƙa sa wa sarƙarsa mai da hannunsa.